Wallafa ta Waya: Shawara ga Mai Ƙaramin Jari a Ƙasar Daura

A 1991, lokacin da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, duk mai son fitar da littafi sai ya tanadi kuɗin takarda da na maɗaba'a, sannan ya zuba wa dillalan Kano kaya yana jiran ciniki. Yau wayar hannu da data da asusun OPay ko Moniepoint sun isa mutum ya wallafa daga Sandamu ko Ɓaure. Sai dai sauƙin da ka samu, kowa ma ya samu. Shi ya sa shawarata ta farko ita ce ka sayar da abin da kai ne ka fi kusa da shi, kuma kada ka kashe kwabo kafin ka ga mai saye.

Me za ka sayar?

Kasuwar labaran soyayya ta cika ta batse. Marubuta mata da suka shekara suna tara masu karatu a WhatsApp da Wattpad sun riƙe ta, sabon shiga kuwa yakan daɗe yana rubutun kyauta. Ga hanyoyi huɗu da nake ganin ɗan Daura zai iya gwadawa.

Ta farko, ɗalibai. Garin Daura yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri, da Kwalejin Yusuf Bala Usman, da makarantar koyon aikin lafiya. Ɗalibin da Turanci ya tsaya masa a wuya zai iya biyan kuɗi kaɗan don ɗan littafin PDF mai shafi ashirin da ya warware masa darasi guda da Hausa, ko ya nuna masa yadda ake tsara rubutun kammala karatu. Amma kada ka ɗauki hoton takardun malami ka sayar, wannan sata ce. Ka same shi ku yi yarjejeniya ku raba riba.

Ta biyu, tarihi. Kowa ya ji labarin Bayajidda da Daurama da rijiyar Kusugu, amma wa ya rubuta tarihin unguwanni, da gidajen sarauta, da tsarin hawan Sallar Gani, da zamanin Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, cikin Hausa mai sauƙi da za a karanta a waya? Babban littafin M. G. Smith kan al'amuran Daura, na 1978, da Turanci yake, kuma ba kowa ke samunsa ba. Dattawan da suka ga abubuwa da idonsu suna nan. Ka je ka gaishe su, ka nemi izininsu ka naɗi muryarsu, abin da ya shafi fada kuma ka bi ta hannun masu alhakinsa. Masu sayenka su ne Daurawa mazauna Kano da Abuja da Legas, da ɗaliban sassan Hausa na jami'o'i.

Ta uku, murya. Wannan ce hanyar da na fi sa wa rai. Direbobi da 'yan kasuwa da matan gida da yawa ba su da lokacin zama su karanta, wasu kuma ba su yi boko ba, amma suna saurare. Ka ƙetare iyakar Kwangwalam zuwa Matamaye da Magarya da Damagaram, can da Faransanci aka yi makaranta, amma Hausa ake ji. Darasi na minti goma a kan turkar ragon layya, ko yadda ake gane lafiyar dabba kafin a saya a kasuwar Mai'aduwa, daga bakin wanda ya san sana'ar, yana iya samun kasuwa a ƙasashen biyu. Ka dai tanadi amintaccen wakili da zai karɓar maka sefa. Idan YouTube ka nufa, ka sani ba a fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, saboda haka kada ka sa shi a lissafin cefanen bana.

Ta huɗu, yi wa marubuta hidima. Yawancin littattafan da ke yawo a waya cike suke da kurakuran ƙa'idar rubutu, ba a raba kalmomi daidai, ba a sa haruffa masu lanƙwasa. Wanda ya iya tace rubutu, ko tsara bango da Canva, yana karɓar ladansa hannu da hannu, littafin ya karɓu ko bai karɓu ba.

Gwada kafin ka zuba

Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta. Ka saki babi biyu ko uku kyauta, ka faɗi farashi, ka ce duk mai so ya biya a sa shi a zauren masu saye. Mutum ɗari su ce maka "Allah ya ƙara basira" ba ciniki ba ne. Ciniki shi ne shaidar biya. A ce ka sa naira 500, mutum 100 suka biya, ka tashi da naira 50,000. Cire kuɗin data da cajin waya da bango da ladan mai tacewa, ka raba ragowar da makonnin da ka yi kana aikin. Idan abin da ya rage bai kai ladan wata sana'ar ba, ka canja batu tun da wuri.

Masu fitar da littafi

Babbar asarar wannan harka ita ce mutum ɗaya ya biya, ya tura wa zaure goma. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana bayanka, amma kuɗin shari'a ya fi kuɗin littafin, Allah ya isa kuma ba ta dawo da jari. Abin da ke rage ɓarnar uku ne. Ka riƙa sakin aikin kashi-kashi, don kada ɓarawo ya samu cikakke rana guda. Ka sa sunan mai saye a cikin kowane kwafi, wanda ya fitar ya san za a gane shi. Ka kuma sa farashin da biyansa ya fi neman na sata sauƙi. Manhajoji irin su ArewaBooks, inda ake karatu a cikin manhajar, suna taimakawa, amma ka karanta sharuɗɗan rabon kuɗi kafin ka ɗora.

Kada ka dogara da dandali ɗaya

OkadaBooks ta fara aiki a 2013, marubutan Hausa da dama sun sayar da littattafai a can, amma ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Wanda ya riƙe lambobin masu sayensa ya ci gaba da kasuwa, wanda bai riƙe ba ya koma farko. Ka rubuta lambobin abokan cinikinka da yardarsu, ka ajiye kwafin aikinka a Google Drive da kuma wani wuri daban, domin waya takan faɗi ko a sace ta. Shago a Selar yana sauƙaƙa karɓar kuɗi da tura littafi ko kana barci.

Abubuwa biyu ka guje musu. Masu tallan kwas na "samun daloli a Amazon cikin wata ɗaya", yawancinsu kuɗin kwas ɗin ne abincinsu. Sai rubutun batsa, wanda ke kawo kuɗi da sauri, amma a gari irin Daura an san gidanku, kuma abin da ya shiga intanet ba ya goguwa.

A wannan watan, zaɓi batu ɗaya, ka rubuta shafi goma ko ka naɗi darasi uku, ka kai wa mutum talatin da ba 'yan uwanka ba, ka faɗa musu farashi. Yawan waɗanda suka biya shi zai gaya maka ko ka ci gaba ko ka sake lale.