Darasi na 12: Zango a Tseren Karnuka na Alaska

Ɗalibai, kun san tseren dawaki da na kekuna. Yau za ku karanta labarin tseren karnuka. A jihar Alaska ta ƙasar Amurka, inda dusar ƙanƙara take rufe ƙasa watanni da yawa, ana yin wani tsere mai suna Iditarod a watan Maris. An fara shi a 1973. Karnuka ne suke jan wani irin amalanke marar ƙafafu mai sulɓi a kan ƙanƙara, matuƙi yana tsaye a bayansa. Bisa al'ada, ana buɗe tseren a birnin Anchorage, a ƙare a garin Nome, tafiyar kimanin kilomita 1,600.

Ba mai iya wannan tafiya a tashi ɗaya. Saboda haka akwai zanguna fiye da 20 a kan hanya, yawancinsu a ƙananan ƙauyuka. Kafin tseren, kowane matuƙi yakan aika da buhunan abinci zuwa waɗannan wurare.

Ku lura da abin da matuƙi yake yi idan ya sauka a zango. Da farko jami'ai za su rubuta lokacin isowarsa da yawan karnukansa. Za su iya duba kayan da doka ta tilasta masa ɗauka, kamar gatari da jakar barci. Daga nan sai ya shimfiɗa wa karnuka busasshiyar ciyawa, ya cire musu 'yan takalman ƙyalle da suke kare ƙafafunsu. Ya ɗora ruwa a wuta, ya haɗa musu abinci mai ɗumi da nama ko kifi. Sai sun ci sun kwanta, sannan ya nemi nasa abincin.

Likitocin dabbobi kuma suna duba ƙafafun karnukan, da numfashinsu, da bugun zuciyarsu. Karen da ya gaji ko ya ji rauni, a nan ake barinsa, jirgin sama ya mai da shi baya. Ba a kawo wani a madadinsa. Matuƙin da ya isa Nome da ƙasa da karnuka 5 a igiya bai cika sharaɗi ba.

Hutu uku ne dole: awa 24 a zangon da matuƙi ya zaɓa, awa 8 a bakin Kogin Yukon, da wata awa 8 a White Mountain, kimanin kilomita 124 kafin Nome. Wanda ya daɗe a zango, abokan hamayya su wuce shi. Wanda ya tashi da wuri, karnukansa su gaza a hanya. Gaskiyar Hausawa da suka ce, sauri ya haifi nawa.

Ma'anar Kalmomi
zango: wurin da matafiya suke sauka su huta
sulɓi: santsi
madadi: abin da aka sa a gurbin wani
gaza: kasa ci gaba

Tambayoyi
1. A wace shekara aka fara tseren Iditarod?
2. Me ya sa matuƙi yake ciyar da karnukansa kafin ya ci?
3. Yaya ake yi da karen da ya ji rauni?
4. Ku rubuta jimloli uku da kalmar "sannan".