Diyyar Haɗarin Mota: Me Ya Sa Take Daɗewa?

Ina so in yi ɗan bayani a kan wata tambaya da nake yawan ji duk sa'ad da mota ta buge wani, watau, yaushe za a biya shi diyya? Amsar a taƙaice ita ce, idan raunin ƙarami ne, kuma direba ya amsa laifinsa, ana iya gamawa cikin 'yan watanni. Idan kuwa karaya ce babba, ko gardama ta kai ga kotu, to sai a shirya wa shekara guda, ko ma shekaru.

Da farko ya kamata mu san wanda zai biya. Tun 1945 aka kafa doka a Nijeriya wadda ta tilasta wa kowane mai mota yin inshora, domin in motarsa ta yi wa wani ɓarna kamfanin inshora ya biya a madadinsa. A Janairun 2023 hukumar NAICOM, mai kula da kamfanonin inshora, ta mai da kuɗin wannan inshora naira 15,000 a shekara ga motar gida, ta kuma ce ana iya biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Wannan adadi na dukiya ne kawai. Lissafin raunin jiki daban yake, kuma shi ne mai cin lokaci.

Babban dalilin jinkirin a jikin majinyacin yake. A ce babbar mota ta buge wani tela, ƙashin cinyarsa ya karye. Irin wannan ƙashi a jikin babban mutum yakan ɗauki kamar wata 3 zuwa 6 kafin ya haɗe, sa'an nan a shiga koyon tafiya. A makon farko babu likitan da zai iya cewa ga yadda ƙafar za ta kasance. Za ta miƙe sumul? Za ta gajarce? Ko za a sake yin aiki a cire ƙarfen da aka sa? Shin telan zai iya komawa taka kekensa? Diyya kuwa ta ƙunshi kuɗin magani, da kuɗin da ya rasa a watannin da yake kwance, da wahalar da ya sha, da kuma nakasar da za ta bi shi har tsufa. Ba yadda za a yi a san kuɗin nakasa alhali ba a ga ƙarshen jinya ba. Ni a ganina wannan jira ba zalunci ba ne, gata ne ga majinyaci.

Amma akwai jinkirin da mu muke jawo wa kanmu. Kamfani ba ya aiki da labarin baka, sai takarda: rahoton 'yan sanda, da rahoton likita, da hoton ƙashi, da rasit na kowane magani. Sau da yawa akan ɗauke mai karaya daga asibiti a kai shi wurin maɗori. Ban raina maɗora ba, sun daɗe suna yi wa jama'a aiki, sai dai ba su ba da takardar da kamfani ko alƙali zai karɓa. Wanda aka yi wa aiki a asibiti irin na ƙashi da ke Dala a Kano yana da fayil mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun likita. Wanda ya yi jinya a zaure kuwa sai ya yi ta neman shaidu bayan an watse.

Idan takardu sun cika, sai maganar ta koma hannun kamfani. Dokar inshora ta 2003 ta ba kamfanin da ya amince zai biya kwana 90 daga ranar da aka fitar da takardar sallama, in kuma ya ƙi, ya rubuta dalilinsa cikin kwana 90. A 2025 an maye gurbinta da sabuwar doka. Abin lura a nan shi ne, ba daga ranar haɗari ake fara ƙirga irin wannan wa'adi ba. Kafin a kai ga takardar sallama, kamfani zai aiko mai bincike, ya yi tayi, a ce albarka, ya ƙara, kamar dai cinikin saniya a kara. Mafi muni shi ne a tarar takardar inshorar direban ta jabu ce, irin wadda ake saya a bakin titi don a nuna wa 'yan sanda. A nan babu kamfanin da za a bi, sai mai motar da kansa, wanda wataƙila motar ce kaɗai abin da ya mallaka.

Kotu ita ce hanya mafi tsawo. Yau a ɗage shari'a don shaida bai zo ba, gobe lauya ya yi tafiya. Idan aka yi wa alƙali canjin wurin aiki, ana iya soma sauraron shaidu daga farko. Ko an yanke hukunci a Babbar Kotu, wanda ya sha kaye yana da ikon zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan har Kotun Ƙoli. Duk da haka kada a yi sanyin jiki, domin shigar da ƙara yana da wa'adi. Akwai ma wata dokar tarayya mai kare ma'aikatan gwamnati a kan abin da suka yi a bakin aiki, wadda wa'adinta wata 3 ne kacal. Saboda haka wanda motar hukuma ta buge, ya kamata danginsa su ga lauya tun yana kwance.

Wannan doguwar hanya ce take sa mutane da yawa su zaɓi sulhu. Dattawa su taru, direba ya zo ya duƙa, a ce ƙaddara ce, a karɓi kuɗin magani ko a yafe baki ɗaya. Sulhu alheri ne, kuma wanda ya yafe don Allah ba mai zarginsa. Abin da nake roƙon iyayenmu shi ne su duba lokacin da ake yinsa. Takardar sallama tana nufin an karɓi wannan kuɗi a matsayin biya na ƙarshe. Idan telan nan ya sa hannu a mako na biyu, sa'ad da kuɗin asibiti suka matse shi, sa'an nan a wata na bakwai likita ya ce sai an sake buɗe cinyar, da wuya ƙwarai a sake sauraronsa. Ana iya roƙon mai mota ya riƙa biyan kuɗin magani a hankali, ana rubutawa a gaban shaidu, a bar maganar ƙarshe sai likita ya ba da rahotonsa. Mu kuma 'yan makaranta, da muka iya karatu, aikinmu ne mu rubuta lambar motar, mu adana rasit a ambulan ɗaya, mu kuma karanta wa Baba kowace takarda da Hausa kafin ya dangwala yatsa.