Yadda ake tsima tattasai da tonka cikin binegar

Lokacin ɗari, kayan garka suna cika kasuwar Dar es Salam ta Yamai. Tattasai da tonka su yi araha. In zafi ya shigo, sai kuɗinsu ya hau. Ɗanyen tattasai kuwa ba ya jimiri: kwana kaɗan ya ruɓe.

Manoman Difa, a bakin Komadugu, shanya nasu suke yi. Uwargida kuma tana iya tsima nata cikin binegar.

A zaɓi tattasai mai ƙarfi, wanda ba shi da tabo. A wanke, a cire iri, a yayyanka. A dafa kwalba da murfinta minti 10 cikin ruwa. A zuba tattasan ciki, da tonka da tafarnuwa.

A auna kofi 1 na binegar, kofi 1 na ruwa, babban cokali 1 na gishiri. A tafasa, a zuba da zafinsa har ruwan ya rufe tattasan. A rufe. Washegari ana iya ci da dambu ko shinkafa.

Tsamin binegar shi ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Saboda haka a duba takardar kwalba: ƙarfinsa ya kai kashi 5 cikin 100. Kada ruwa ya fi binegar yawa don tsimi. Kada a zuba mai. Tattasan da bai ji tsami ba, cikin rufaffiyar kwalba, yana iya yin dafi mai kisa.

Cikin firigo yana yin wata 1. Gidan da babu firigo, a yi kaɗan, a cinye cikin kwana 2. In murfi ya kumbura, ko ruwan ya yi kumfa, a zubar, kada a ɗanɗana.