Yadda Ake Gyara Sautin Lasifika da Hedifon da Ikwalaiza

Duk wanda kiɗa ya daina yi masa daɗi a kunne yakan fara lissafin kuɗin sabbin kayan sauti, alhali sau da yawa gyaran yana wurin ikwalaiza, wato na'ura ko manhajar da ke raba sauti kashi-kashi domin a rage wani ko a ƙara wani. Kunnen ɗan Adam yana jin amo daga kusan 20 Hz, inda gurnanin bes yake, har zuwa 20,000 Hz, inda sauti ya fi siriri. Babu lasifika ko hedifon da ke fitar da wannan zango daidai wa daida. Kowanne yana cika wani wuri, ya tauye wani. Saboda haka babban aikin ikwalaiza shi ne rage abin da ya yi yawa. Wanda ya tura kowane maɓalli sama ƙara kawai ya samu.

Abin farawa shi ne zaɓen inda za a saka ikwalaizar. A kwamfuta mai Windows akwai Equalizer APO, manhaja ce ta kyauta da ke kama duk sautin da ke fita, ana kuma haɗa ta da manhajar Peace domin sauƙin sarrafawa. A wayar Android akwai Wavelet. Mai iPhone kuwa yawanci sai ya dogara da wadda ke cikin manhajar kiɗa, kamar Spotify ko Apple Music. Idan kayan falo ne, ana jona akwatin ikwalaiza tsakanin abin da ke kunna kiɗan da amfilifaya, ko ta ramukan tef da tsofaffin amfilifaya ke da su a baya. Wuri ɗaya ya isa. A kashe duk wani ƙarin bes da ke kunne a waya ko talabijin, a mayar da maɓallan bes da tiribul tsakiya, domin gyara biyu a kan juna rikici yake haifarwa.

Daga nan sai awo, kuma a nan hedifon da lasifika suke rabuwa. Na hedifon an riga an yi wa mutum: shirin AutoEq, wanda Jaakko Pasanen ya fara, ya tara awon dubban hedifon tare da lambobin gyaransu, galibi bisa ma'aunin da Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin Harman bayan gwada abin da masu sauraro suka fi so. Sai a nemo sunan naka, a kwafe lambobin. Lasifika kuwa da ɗaki take aiki. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, yana dukan bango yana dawowa, don haka ɗaki mai tsawon mita 4 yakan kumbura amon da ke wajen 43 Hz da ninkinsa. Wannan shi ne ruɗin da ke danne muryar mawaƙi. Ana gano shi da manhajar REW, ita ma kyauta, da makirufon awo irin UMIK-1, a ajiye shi daidai inda kan mai sauraro yake zama. Kafin awon, a ɗan janye lasifikar daga kusurwa, domin kusurwa ke ƙara wa bes ƙarfi.

Gyaran kansa yana son haƙuri. Ikwalaiza mai maɓallai 10 tana da wurare tsayayyu, daga 31 Hz zuwa 16,000 Hz, ita kuwa wadda ake kira faramatirik tana ba mutum damar zaɓen daidai wurin matsalar, da yawan desibel, da faɗin gyaran. A fara da tudun da ya fi tsayi a awon, a sassare shi. Idan murya ta dushe, a rage desibel 2 ko 3 wajen 250 Hz kafin a yi tunanin ƙara tiribul. Idan harafin "s" yana sukan kunne, a duba tsakanin 5,000 da 8,000 Hz. Dalilin fifita ragi a fili yake: ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin da amfilifaya ke bayarwa sau biyu, ƙarin 10 kuma sau goma. Tela ma rage riga ya fi masa sauƙi a kan ƙara ta. Inda ƙarin ya zama dole, sai a sauke babban matakin shigar sauti daidai da shi: an ƙara 6, a sauke 6, in ba haka ba sautin ya fashe. A ƙarshe a saka waƙar da aka sani sosai da muryar mai magana, a riƙa kunna gyaran ana kashewa a ƙarfi ɗaya, domin kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau.

Wasu na cewa ikwalaiza tana ɓata abin da mawaƙi ya yi niyya. Amma ai ɗaki da hedifon sun riga sun ɓata shi, kuma a situdiyo ma da ita aka haɗa waƙar. Gyaran da aka yi bisa awo kusantar da mutum yake ga asalin. Wasu kuma na ganin sayen mai tsada ya fi. Lasifika mai tsada ma ba ta tsira daga bangon ɗaki ba. Inda masu suka suke da gaskiya shi ne iyakarta: ba ta ɗinke lasifikar da ta yage, ba ta mayar da ƙarama babba, ba ta kuma cike ramin da ke faruwa inda sautin da ya dawo daga bango ya kashe mai fita. Maganin wannan matsar da kujera ko lasifika ne.

A kuma kula da kunne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba sauraron desibel 80 na awa 40 a mako. Ka auna tukuna, ka rage kafin ka ƙara, sannan ka yi maganar sayen sabo.