Ki Mayar Masa da Littafinsa

'Yata, saƙonki ya iso ni. Na ji kin fita takaba lafiya. Wata huɗu da kwana goma ba wasa ba ne. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ya raya abin da ya bari.

To, sai maganar ɗanki, angon nawa. Kin ce kin tsinci wani littafin Turanci a jakarsa ta makaranta, da zanen dodo baƙi ƙirin a bango. Kika duba, ashe labarin yaro ne da uwarsa ke kwance rai a hannun Allah. Gabanki ya faɗi, kika cusa shi ƙarƙashin katifa. Ban ga laifinki ba. Wace uwa ce za ta so a fama wa ɗanta miki? Amma matso kusa ki ji.

Na san littafin. Tun da na ajiye alli ba ni da aiki sai karance-karance da goyon jikoki. Sunansa A Monster Calls, ya fito a Ingila a 2011. Wata marubuciya ce, Siobhan Dowd, ta fara ƙulla labarin tana fama da ciwon daji. Ajali ya riske ta a 2007 ba ta kai ga rubuta shi ba. Aka miƙa wa Patrick Ness ɗan abin da ta bari, shi ya rubuta. Kin ga ke nan ba daga wurin masu wasa da mutuwa ya fito ba.

Yaron cikin labarin sunansa Conor, shekararsa 13. Akwai wata tsohuwar bishiya a maƙabartar da ake hangowa daga tagarsa. Sha biyun dare na wucewa da minti bakwai, sai bishiyar ta rikiɗa dodo ta taho. Kamar dai yadda ake tsorata mu da aljanin tsamiya muna yara. Sai dai wannan dodon bai zo cin kowa ba. Labari uku ya zo bayarwa, bisa sharaɗin na huɗu yaron ne zai bayar, kuma ban da ƙarya. Abin da yaron yake ɓoyewa kuwa, ya gaji ne. Ya gaji da jira, ya gaji da sintirin asibiti, har zuciyarsa ta raya masa da ma abin ya zo ƙarshe kowa ya huta. Sai ya ɗauki wannan a matsayin babban laifi, kamar shi ne ya saki hannun uwarsa. Da ƙyar dodon ya ciro maganar daga bakinsa, sannan ya nuna masa cewa gajiya da ganin wahalar naka ba ƙiyayya ba ce. Uwar ba ta tashi ba. A nan marubucin ya burge ni, don bai yaudari yara ba.

Yanzu ki dubi naki. Shekara goma sha biyu. Wata nawa ya yi yana ganin babansa a kwance? Shi ake aika kemis. Shi ake ce wa rage murya, bar ƙwallon nan, Baba na barci. In wata rana zuciyarsa ta raya masa irin abin da ta raya wa Conor, wa zai gaya wa? A zaman makoki duk wanda ya shigo sai ya dafa kansa: kai ne babba yanzu, namiji ba ya kuka, ba maraya sai rago. Da kyakkyawar niyya suka faɗa, na sani. Amma sun rufe masa baki. Da ya rasa abokin magana sai ya samo wani yaro a takarda mai ciwo irin nasa. Kukan kurciya jawabi ne, 'yata.

Ni shekarata bakwai Innarmu ta rasu. Aka ce mini ta tafi unguwa. Na shafe watanni ina zama a bakin zaure da la'asar, duk macen da ta ɓullo da lulluɓi sai na miƙe. A bakin wata yarinya na ji gaskiya, muna faɗa a kan 'yar carafke. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na daɗe ban ƙara yarda da maganar manya ba. Abin da ya riƙe ni shi ne tatsuniyar kakarmu da dare. Kusan kullum akwai marainiya a ciki, ga kishiyar uwa, ga aike mai nisa, ga tsohuwa a bakin rafi tana neman a cuɗa mata baya. A nan nake kukana a cikin duhu, a ce tausayin marainiyar nake ji. Kaka ta san komai. Ba ta taɓa tona ni ba.

Su ma Turawan da suka yi suna a fannin littattafan yara, da yawa mikin kansu suke jinya. C. S. Lewis yana ɗan shekara tara uwarsa ta rasu a 1908, ba a jima ba aka tura shi makarantar kwana. Sai a 1955, furfura ta fito, ya fitar da The Magician's Nephew, inda yaro ya kawo wa uwarsa tuffa daga wata duniya ta warke. Abin da bai samu ba ya ba yaron takarda. Mai Harry Potter ma, J. K. Rowling, uwarta ta rasu a 1990 tana farkon rubutun. A littafin farko, na 1997, marayan ya tarar da madubin da ke nuna masa iyayensa, ya riƙa komawa dare bayan dare, har shugaban makarantar ya ja masa kunne aka ɗauke madubin.

Ba cewa na yi kowane littafi ki sakar masa ba. Mutanen nan da addininsu da al'adarsu suka rubuta, wasu labaran cike suke da bokaye da tsafi. Ki riga shi karantawa. Inda ya saɓa da abin da muka yi imani da shi, ki faɗa masa a hankali. Yaron da ya san Gizo ba ya magana da gaske, ba zai kasa gane wannan ba. Ki kuma tuna masa Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bai ga mahaifinsa ba, mahaifiyarsa ta rasu a Abwa yana ɗan shekara shida. Bayan ya girma ya ziyarci kabarinta, ya yi kuka har na kusa da shi suka yi. Wa ya isa ya ce wa angona hawaye ragwanta ne?

Kada ki titsiye shi da tambaya. Ki tambaye shi labarin Conor, ba nasa ba. Me ya sa yaron nan ya farfasa kayan ɗakin kakarsa? Sai ki yi shiru. Wataƙila ya ɗaga kafaɗa ya fita. Ki bar shi, sannu ba ta hana zuwa. In kuwa kin ga watanni sun ja ba ya cin abinci, ba ya barci, ya guji abokansa, to wannan ya wuce littafi, ku ga likita. Ita kuma ƙaramar ƙanwarsa, a daina ce mata Baba ya yi tafiya. A ce mata ya rasu, ba zai dawo ba, muna yi masa addu'a. Za ta sake tambaya gobe, ki sake faɗa mata.

Ki ciro littafin nan daga ƙarƙashin katifa, ki mayar masa a jaka kafin ya dawo daga Islamiyya. Ina nan tafe ranar Juma'a in Allah Ya kai mu. Ki gaishe mini da angona, ki ce amaryarsa na zuwa da alkaki.