Harriet Tubman: baiwar da ta tsira, ta koma ɗauko wasu

Karatunmu na yau na tarihi ne, zan kai ku Amurka a zamanin bauta.

An haifi Harriet Tubman wajen shekarar 1822 a jihar Maryland, iyayenta duka bayi. Tana yarinya wani mai tsaron bayi ya jefi wani bawa da ƙarfen awo, ya kuskure shi, ya same ta a ka. Har ta bar duniya ba ta rabu da ciwon kai da barcin da ke kwashe ta ba shiri ba. An sayar da 'yan uwanta mata uku. Da ubangidanta ya mutu a 1849, ta ga alamar ita ma kasuwa za a kai ta, sai ta gudu, ta yi tafiyar kusan kilomita 145 zuwa Filadelfiya, inda aka hana bauta.

To, nan ne wurin da nake so mu tsaya. Ta tsira fa! Ta samu aikatau, ba mai dukanta. Da ta zauna, wa zai zarge ta? Amma ta riƙa tara ɗan abin da take samu tana komawa inda ake nemanta ruwa a jallo. Kusan sau 13 ta koma, ta fito da mutum kusan 70, har da iyayenta tsofaffi a 1857. A 1851 ta je ɗauko mijinta, ta tarar ya yi wani aure, ya ƙi binta. Ba ta dawo hannu rabbana ba, ta tattara wasu bayin ta fito da su.

Kada wani ya ce min ai ba Musulma ba ce. Na sani, Kirista ce. Amma wanda ya san abin da Sayyidina Abubakar ya yi wa Bilal, ya san nauyin kwance wa mutum igiyar bauta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsarinta, don ƙarfin hali kaɗai ba ya wannan aiki. Da hunturu take tafiya, lokacin da dare ke da tsawo. Daren Asabar take tashi, saboda cigiyar bawa ba za ta fito a jarida ba sai Litinin. Jarirai kuwa a ba su maganin barci kada kukansu ya tona asiri. Tana riƙe da bindiga, wanda ya karaya ya ce zai koma ba ta yarda, don in aka matsa masa zai faɗi gidajen da ke ɓoye su. Waɗannan gidaje, na baƙaƙe da Turawa irin su Thomas Garrett, su ake wa laƙabi da layin dogo na ƙarƙashin ƙasa, alhali ba jirgi ba rami.

Da aka yi dokar 1850, wadda ta tilasta kama bawa ko da ya isa jihar da ba a bauta, sai ta riƙa kai mutanenta har Kanada. A yaƙin basasa kuma, a 1863, ta jagoranci sojoji a kogin Combahee, aka kuɓutar da bayi sama da 700. Hakkinta na wannan aiki ta shekara da shekaru tana binsa, sai a 1899 gwamnati ta yanka mata dala 20 a wata. Ta rasu a 1913, a gidan tsofaffin da ita da kanta ta kafa.