Rigar sanyin da ta ƙi shiga

Idan watan Disamba ya kama, hunturu yakan sauko Tsibiri da ƙura da sanyi. Da asuba sai ka ga yara bakin murhu suna rawar ɗari. Lokacin ne tari da mura ke damun ƙananan yara.

Wata shekara na ce zan saƙa wa ɗana rigar sanyi da hannuna. Ran Litinin, ranar da babbar kasuwar Maraɗi ke ci, na tafi na sayo ulu dunƙule biyu da tsinkayen saƙa. Ban auna yaron ba. Na ce ai ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Ina tsakiyar aiki sai ulu ya ƙare. Na koma Maraɗi ran Juma'a. Na sami ja, amma ba irin jan farko ba ne. Riga ta zama launi biyu. Hannu ɗaya kuma ya fi ɗaya tsawo. Da na gama, na kira yaron ya gwada. Wuya ya yi kaɗan, kai ya ƙi shiga. Ya fashe da kuka, ni ma kaɗan ya rage in yi. Wata biyu ina aiki, ga shi har sanyi ya fara wucewa.

Na kai rigar gun wata tsohuwa maƙwabciyarmu, gwanar saƙa. Ta juya ta, ta ce: "Ɗiyata, warware ta."

Na ce: "Haba Inna! Duk wahalar ga?"

Ta ce: "Zarenki bai ɓata ba. Lissafi ne ba ki yi ba. Zamna in gwada miki."

Ga abin da ta koya mini.

Na ɗaya, a auna yaro tukuna: faɗin ƙirji, tsawon hannu, da kewayen kai. Wuyan riga dole ya buɗe har kai ya wuce.

Na biyu, a saƙa ɗan ƙyalle na gwaji. Kowane ɗan madaukin zare da ke bisa tsinke, mu kira shi ido. A ƙirga ido nawa ke cikin santimita 10. Misali, in ido 20 ne, to santimita 1 ido 2 ke nan. In faɗin gaban riga santimita 32 ne, sai a ɗora ido 64. Hannun kowa da irin jansa: wata na matse zare, wata na sakinsa. Don haka lissafin wata ba zai yi miki ba.

Na uku, a sayi ulu duka rana ɗaya, har da ɗan ƙari. Rini biyu ba su cika zama daidai ba. A sani kuma, tumakinmu irin su uda ba su ba da ulun saƙa. Yawancin zaren da ke kasuwa na masana'anta ne, zaren roba, kuma yana narkewa in ya taɓa wuta. Kada yaro ya matsa bakin murhu da shi.

Na huɗu, a rubuta. Hannun farko layi nawa ya ci? A sa cikin littafi, don na biyu ya zo daidai. A nan ne karatun yaƙi da jahilci ya yi mini rana.

Na biyar, in an ga kuskure, a koma a gyara nan take. Warware layi uku ya fi warware riga sauƙi.

Na warware rigar, na sake naɗe zaren. Na fara sabon aiki tun da kaka, ana cikin girbin hatsi. Kafin hunturu ya dawo na gama. Da jan nan na biyu na yi bakin hannu da wuya, sai ya zama ado. Yaron ya sa ta sanyi biyu, ƙanensa ya gada.

Tambayoyi
1. Don mi wuyan rigar farko ya yi kaɗan?
2. In ido 20 ne cikin santimita 10, ido nawa za a ɗora don santimita 25?
3. Wane aiki ne kika taɓa sakewa don rashin awo?